Gari Guda, Littafi Guda: Yadda Ake Shirya Karatun Shaihu Umar a Ƙaramin Gari

An rubuto wannan lacca daga faifan murya. An gabatar da ita ga malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin matasa da na mata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu malamai, shugabannin makarantu, iyaye mata, 'yan'uwa matasa, barkanmu da war haka.

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne yadda mutanen gari ɗaya za su haɗu kan littafi ɗaya a lokaci ɗaya, har ya zama shi ne abin hira a majalisa da teburin mai shayi. Tsarin da aka fi ambata daga Amurka ya fito. A 1998 wata ma'aikaciyar laburare mai suna Nancy Pearl ta fara shi a birnin Seattle, wasu birane suka kwaikwaya. Daga 2006 hukumar gwamnatin Amurka mai kula da fasaha da adabi ta ɗauki abin da sunan The Big Read, tana ba garuruwa, har da ƙanana, tallafin kuɗi su zaɓi littafi su shirya taruka a kansa.

To amma ku lura da abu ɗaya. Su can, kowa zai ɗauki kwafinsa ya tafi gida ya karanta, sannan a haɗu a tattauna. In kuka ɗauko wannan yadda yake kuka kawo garinku, ranar tattaunawa za ku tarar da malaman firamare shida da ɗan sakandare ɗaya, su ma rabinsu ba su gama ba. Dattijon da ya fi kowa abin faɗa kan labarin wataƙila da ajami yake karatu. Uwargida tana da boko, amma ba ta da lokaci, ba ta da fitila. Saboda haka mu juya tsarin za mu yi: a wurin taron ake karanta littafin, da babbar murya, kowa yana ji. Duk sauran abin da zan faɗa daga nan ya taso.

Littafin da nake ba da shawarar a fara da shi shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Marubucin a lokacin matashin malamin makaranta ne a Bauchi, tun kafin a san zai zama Firayim Minista. Dalilina uku ne. Gajere ne, ana gama shi cikin wata guda ba tare da gudu ba. Sunan marubucin kaɗai yana buɗe ƙofar fada da ta liman. Na uku, shi kansa labarin malami ne zaune a Rauta yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa da baki, wato an gina shi don kunne. In garinku mutane ne masu son raha, ku fara da Ruwan Bagaja. Malam Zurƙe ba ya barin kowa ya yi gyangyaɗi. Sai dai shi ba ya jawo tattaunawa mai zurfi irin ta wannan.

Kwafi goma sun ishi zaman mutum talatin. Uku na masu karatu, ɗaya na mai jan ragamar tattaunawa, shida a riƙa zagayawa da su aro, a rubuta sunan wanda ya karɓa. Ku sayi na kamfanin buga littattafai na NNPC na Zariya, kada ku buga hoton shafuka ku raba. Haƙƙin mutane ne, kuma takardun warwatse ba sa kai mako biyu, sai ka gan su an ƙunshe ƙosai. Wani abin da ke rikita mutane: bugu ya sha bamban, lambar shafi ba ta zo ɗaya ba. Don haka kada ku raba littafin da cewa shafi kaza zuwa kaza. Ku raba shi da abin da ya faru, ku sa alama da fensir a kowane kwafi.

Kafin komai, a je gaisuwa. Hakimi ko dagaci, limamin Juma'a, shugaban makarantar da za a ari ajinta. A kai wa kowannensu kwafi ya gani da idonsa. Wannan ba don neman kuɗi ba ne, don kada gobe wani ya tashi ya ce ana tara yara ana karanta musu tatsuniya ba da sanin manya ba.

Lokaci kuwa, bayan kaka, an gama ɗebe amfanin gona. Da damina ba wanda zai zo, da azumi ba wanda zai iya. Kada a sa ranar kasuwar garin, kada kuma a sa jajibirinta. Zama takwas, biyu a mako, mako huɗu. In kun mai da shi sau ɗaya a mako, mutane sun manta inda aka tsaya; in kun mai da shi kullum, sun gaji. Na maza ya fi zama bayan Isha'i a ƙofar gida ko filin makaranta, da fitilar sola ɗaya a kan teburin mai karatu. Na mata ya fi kyau tsakanin La'asar da Magariba, a Islamiyya ko babban tsakar gida, kuma mace ce za ta karanta. A bar su su zo da goyo da aikin hannunsu. Wadda ke ɓarar gyaɗa tana ji sarai.

Kowane zama awa ɗaya. Minti biyar wani daga cikin masu sauraro ya tuna wa jama'a inda aka kwana, ba malami ba, don a gane ko labarin ya shiga. Minti ashirin da biyar karatu. Minti ashirin da biyar hira. Biyar na ƙarshe addu'a da sanarwa. In karatu ya haura rabin awa, ko wane ne ke yi, za ku ga na baya sun fara zamewa.

Yanzu ga inda shirin yake tsayawa ko ya faɗi, wato mai karatu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba mutum don girmansa. Babban digiri ba ya sa a iya karanta Hausa a bainar jama'a. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka "ya tafi" guda ɗaya a takarda tana iya zama labarin abin da ya wuce, tana iya zama umarni, sai ka kai ƙarshen jimla kake ganewa. Wanda bai bi shafin tun a gida ba zai yi tuntuɓe, ya komo baya, ya sake, kuma sau uku in ya yi haka ya rasa jama'a. Ku gwada mutum biyar ko shida, kowa ya karanta shafi ɗaya a gaban kwamiti, ku zaɓi uku. Kowannensu ya karanta rabonsa da ƙarfi sau biyu kafin ranar, ya ja layi a ƙarƙashin tsofaffin kalmomi da sunayen garuruwa, ya tambayi dattijo yadda ake furta su. Ya sassauta, ya fi yadda yake jin ya kamata. Lasifika ba dole ba ce in mutane ba su wuce talatin ba. Ƙaramar mai batir ta isa in sun wuce. Kada a tayar da janareta kusa da taro, ƙararsa tana cinye rabin magana.

A tsaya inda rai ke son ƙari. Ranar da fadawa suka ƙulla wa Makau, mijin uwar Umar, sharri aka kore shi daga Kagara, a rufe littafi kafin a ji inda ya nufa. Ranar da aka sace Umar yana yaro bayan uwarsa ta tafi Fatika, a tsaya nan, a bar batun kurar sai zama na gaba. Masu aron littafi za su riga kowa sani, su je su yi ta ba da labari, wannan kuwa talla ce kyauta.

Hira kada ta koma aji. Tambaya irin ta "me ka koya daga wannan babi" tana kashe baki. A tambayi abin da mutum zai iya yin gardama a kai: Sarki ya yi daidai da ya saurari fadawa bai bincika ba? Uwar ta yi sakaci da ta bar ɗanta a hannun wata, ko kowace mace haka za ta yi? Za ku ga zauren mata ya ɗauki zafi kan wannan ta biyun. A samu babban allo a zana hanya, kowane zama a ƙara gari: Kagara, Maƙarfi, Fatika, Kano, sai hamada, Murzuk, Tarabulus, Masar. A gayyato dattijon da ya ji labarin fatauci da ayarin raƙuma daga bakin kakanninsa, a ba shi minti goma. A faɗa masa minti goma ne tun a gida, cikin ladabi.

Sai abin da ya fi komai buƙatar hattara. Littafin nan kan bauta yake: kai hari, kama mutane, sayar da su, uwa da ɗa da aka raba. A babban birni wannan tarihi ne. A ƙaramin gari kowa ya san asalin gidan kowa, an san jikokin waɗanda suka mallaka, an san jikokin waɗanda aka mallaka, kuma suna zaune kan tabarma ɗaya. Tun zaman farko mai jan ragama ya kafa doka a fili: ana maganar mutanen cikin littafi ne, ba a kiran sunan gida ko zuriya ta garin nan, ko da wasa. Wanda ya karya a tsayar da shi nan take, ba a bari sai an tashi. Abin ya fi tsanani in za a yi wasan kwaikwayo ranar rufewa. Kada a bar yara su raba wa kansu matsayi, don za su ɗora bawa a kan wanda dama ake yi wa gori, sunan kuma ya bi shi har girma. Malami ne zai raba, ya ba 'ya'yan masu faɗa a ji matsayin bayin, da sanin iyayensu. Fage biyu ko uku na minti goma-goma sun wadatar. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun riga sun mai da littafin wasan kwaikwayo, ana iya ɗaukar fage daga ciki. Akwai kuma fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976, wanda aka gyara aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. In an same shi ta halastacciyar hanya, a nuna shi bayan an gama karatu, ba kafin ba, kuma a tanadi lokaci don ya haura awa biyu.

Batun kuɗi, kada ku zuba shi a bikin buɗewa. Rumfa, kujerun haya, babban baƙo, lemo, a tashi aljihu wayam, zama na uku ba batirin lasifika. Ba girin-girin ba, ta yi mai. A fara sayen littattafai, sai fitila, sai ɗan ihsani ga masu karatu uku ɗin nan, don aiki suke yi.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu. Tambayarta ita ce ko a riƙa ba masu zuwa kuɗin mota. Hajiya, Allah ya ƙara girma, a'a. Ran da kuka fara, wurin zai cika da waɗanda ba labarin ya kawo su ba, ran da kuka daina su tafi su ja wasu. Ruwan sha a randa ya isa. In wata unguwa ta yi nisa, a ɗauki mai karatu ɗaya da kwafi biyu a buɗe musu nasu zaman, a tabbatar duka biyun suna tsayawa wuri ɗaya a labarin, sannan a haɗa su ranar rufewa. Littattafan kuma bayan an gama a damƙa su ga mutum ɗaya sananne, da littafin rajistar aro, a ajiye a akwatin ƙarfe saboda gara.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.