Matashin Kano da siyasar da ke haye iyaka

(An rubuto daga faifan laccar da aka yi wa matasa a cikin birnin Kano)

Assalamu alaikum. Matasa, ku fara riƙe wannan: ƙuri'a ba ta haye iyaka. Ɗan Nijar ko ya shekara ashirin yana awon hatsi a Dawanau, ba shi da ikon yin rajista da INEC. Kai ma ba za ka yi zaɓe a Damagaram don kakarka 'yar can ce ba. Hatta ɗan Najeriya mazaunin Saudiyya ko Ingila sai ya dawo rumfarsa a gida.

Murya ce ke hayewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta yi barazanar tura soja, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wa Nijar wuta. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Kwangwalam da Maigatari. Matasa suka fito nan Kano suna cewa ba a yaƙi da ɗan'uwa, malamai suka tafi Yamai, sanatocin Arewa suka ƙi. Ba a yi yaƙin ba, a Maris ɗin 2024 aka buɗe iyaka. Buƙata ɗaya ce, kowa ya san ta.

To ku dubi zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024. Wasu sun ga tutar Rasha a bidiyon Yamai da Bamako, suka ɗaga ta a titunan Kano. Nan take kukan yunwa ya koma zargin cin amanar ƙasa. Aka kama har teloli, aka gurfanar da ƙananan yara a Abuja a watan Nuwamba, wasu suka yanke jiki a kotu. Abin da ciwo wallahi. Matasan Kenya a Yunin shekarar sun kama sunan ƙudurin haraji guda, sai da shugabansu ya janye shi. Wannan ya kamata a aro, ba ƙyallen wata ƙasa ba.

Ga ƙofar da kuka yi wa sakaci: Kotun ECOWAS da ke Abuja. Tun 2005 mutum ɗaya na iya shigar da ƙarar take haƙƙi, ba sai ya gama zagaye kotunan gida ba. Ƙasa ake kai ƙara, ba gwamna ko ɗan sanda ba. Nan da yawa ke tuntuɓe. Dole ka sa sunanka, kada batun ya kasance gaban wata kotun ƙasa da ƙasa, ka kuma tanadi hujja: bidiyo mai kwanan wata, takardar asibiti, shaidu. Wannan kotu ce a 2022 ta ce dakatar da Twitter da gwamnatin Najeriya ta yi ya saɓa doka. Rauninta, gwamnatoci kan yi jan ƙafa wajen bin hukunci. Kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka kafin ku haɗa ƙara da abokanku na Maraɗi, ku tuntuɓi lauya.