Gawo, Taurari da Hujjar Mahalicci

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani malami ya yi wa ɗalibai a Damagaram.

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena, da ku ɗalibai, sannunku da haƙurin zama.

Bari mu fara da itacen da kowa a nan ya sani, gawo. Ku bi hanyar Mirriya ko Matamaye da damina, za ku ga sauran itatuwa sun yi kore shar, shi kuwa ya kaɗe ganyensa. Rana ta samu hanya zuwa ga geron da ke ƙarƙashinsa, ganyen da ya zuba ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da rani ya yi, ciyawa ta ƙare, sai ya fito da ganye da 'ya'ya, dabbobi su samu abinci. Manomi zai ce maka don mu aka yi shi haka. Ibn Rushd, malamin birnin Ƙurɗuba ta Andalus da ya rasu a 1198, irin wannan yake kira dalilul inaya: halittu sun dace da bukatar ɗan Adam dacewar da ba ta kama da katari ba. A Suratul Gashiya ma an umarce mu da mu dubi raƙumi, da sama, da duwatsu, da ƙasa.

To, ɗalibin kimiyya zai ɗaga hannu ya ce, Malam, tun 1859 Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya kawo bayani: abin da ya dace da wurinsa shi ke rayuwa ya hayayyafa, wanda bai dace ba ya ƙare. Kada ku zage shi, tambayarsa tana kan hanya. Ni dai ba na son ku kafa imaninku a kan abin da kimiyya ba ta gano ba tukuna, don ranar da ta gano, me za ku riƙe?

Ku gangara ƙasa da gawon. Jikinsa da naku, duk kabon ne ginshiƙinsu, wato sinadarin nan da ke cikin gawayi. Kabon kuwa a cikin taurari ake dafa shi, inda ƙwayoyi uku na wani sinadari marar nauyi mai suna heliyom ke haɗuwa su zama ƙwayar kabon ɗaya. A 1953 wani masanin taurari ɗan Ingila, Fred Hoyle, ya lissafa ya ga haɗuwar nan ba za ta ba da kabon mai yawa ba sai in ƙwayar kabon tana da wani takamaiman matakin ƙarfi. Aka auna a Amurka, aka same shi kusan daidai inda ya faɗa. Hoyle ba mai addini ba ne, amma daga baya ya rubuta cewa abin ya yi kama da wani babban hankali ya sa hannu cikin dokokin kimiyya. Bayanin Darwin bai kai nan ba, don sai an samu rai kafin a yi maganar wanda ya dace, kabon kuwa ya riga rai. Shekarun duniya baki ɗaya, wato sararin samaniya da duk abin da ke cikinsa, kusan miliyar 13.8, dokokin nan suna nan tun farko.

Akwai masu cewa wataƙila duniyoyi ne barkatai, kowace da dokokinta, mu kuma muka faɗo cikin wadda ta dace. Magana ce ta masu ilimi, ban raina ta ba. Sai dai babu na'urar da ta taɓa hango ko ɗaya daga cikinsu. Mai wannan ra'ayi ma da gaibu ya yarda, kuma bai faɗa mana abin da ke fitar da duniyoyin ba.

Ga hannu can baya, bismillah ɗana, yi tambayarka.