Hoto Ɗaya, Farashi Dubu: Yadda Ake Tantance Tsoffin Hotunan Bugun Katako na Japan

Jama'a assalamu alaikum. Ku dubi wannan hoton da kyau: igiyar ruwa ta taso sama za ta rufto wa jirage uku, can nesa kuma ga Dutsen Fuji ɗan mitsitsi. Aikin Katsushika Hokusai ne, wajen shekarar 1831. A watan Maris na 2023 an sayar da guda ɗaya a gwanjon Christie's da ke New York a kan dala miliyan 2.76. Amma lokacin da ya fito a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, kuɗinsa bai wuce na kwano biyu na taliya ba.

Na ce guda ɗaya ne saboda dubbai aka buga. Hokusai zane kawai ya yi. Masassaƙi ya manna zanen a kan katakon itacen ceri, ya bi layukan da wuƙa ya kwarfe abin da ke tsakani, kun ga ke nan zanen asalin ya salwanta tun wajen sassaƙa. Kowane launi da nasa katakon. Sai mai bugu ya shafa launi, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani ɗan faifai da ake kira baren. Akwai kuma mai jari, wanda ya biya kowa, katakan ma nasa ne. Muddin kasuwa na ci, zai sa a ci gaba da bugawa.

To a nan ne zancen yake. Katako yana cinyewa, kamar hatimin ofis da ya sha duka: da fari rubutunsa tangaran, daga baya sai ka ga wani harafi ya ɓalle. Saboda haka tambayar mai tarawa ita ce, wannan bugun na farko-farko ne ko na can baya? Sai ya ɗauko gilashin ƙara girma ya bi layuka. Idan siririn layi ya tafi santal bai yanke ba, alama ce mai kyau. Idan ya yi kauri ko ya gutsure, katakon ya gaji. A bugun baya ma akan rage aiki. Wannan launin sararin sama da ke farawa da duhu yana washewa a hankali, da hannu mai bugu ke yin sa a kan kowace takarda, don haka idan ana sauri shi ake fara yi wa algus.

Sai launi. Shuɗin da kuke gani ana ce masa shuɗin Farushiya, daga waje ake shigo da shi Japan, kuma yana da juriya. Amma ruwan hoda da rawaya da aka samo daga tsirrai, rana kan cinye su. Shi ya sa a wasu bugun za ku ga gajimare mai ɗan ja-ja a sama, a wasu kuwa babu ko alamarsa.

Gwanin dillali kuma ba ya sakin hoto sai ya juya bayansa. Takardar daga ɓawon itacen kozo ake yin ta, launi kan ratsa ta har baya, da sawun murzar faifan nan. Wanda aka buga da inji kuwa bayansa fari fat yake. Sai dai a yi hattara: har gobe akwai masu sassaƙa sabon katako a Tokiyo suna bugawa da hannu, kamar cibiyar Adachi, kuma ba su ɓoye cewa sabon bugu ne. Matsalar sai idan ya faɗa hannun maras tsoron Allah, ya dafar da takardar ya ce tsohuwa ce. Ana kuma duba hatimin mai jari da na masu tace ɗab'i na hukuma, da ko an datse gefen takardar, da hujin ƙwari, da alamar ninki.

Ni a ganina, wanda zai fara kada ya ɗaga kai wajen igiyar nan. Ga Utagawa Hiroshige, wanda ya zana zango 53 na hanyar Tokaido tsakanin Edo da Kiyoto a 1833 zuwa 1834, hotuna 55 har da mafari da maƙura. Shi ne gwanin ruwan sama da dusar ƙanƙara, har Van Gogh, shahararren mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, ya kwaikwayi hotunansa biyu da fenti a 1887. An buga ayyukansa da yawan gaske, don haka ana samun bugun baya a farashin da bai kai na waɗancan ba ko kusa.

Akwai kuma Kawase Hasui na ƙarni na 20. Girgizar ƙasar da aka yi a Kanto, yankin da Tokiyo take, a 1923 ta haddasa gobarar da ta cinye shagon mai jarinsa, Watanabe Shozaburo, har da katakan. Shi ya sa hotunan Hasui na kafin 1923 suka yi ƙaranci, masu tarawa ke rububinsu.

Wanda ya mallaki ɗaya kuwa, kada ya rataye shi inda rana ke bugu, kada ya kusantar da shi wurin laima, kada kuma ya manna masa gam. Gidajen tarihi ma 'yan watanni kawai suke baje su a ƙarƙashin haske mai rauni, sannan su mayar da su cikin akwati a kwance.