Sharhi: Rijiya tamu, guga da igiya na wasu

Assalamu alaikum jama'a masu saurare.

Duk wanda ya saba bin hanyar Ɗan Issa ya san teburan ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da man fetur a bakin hanya: kwalabe jere a rana, mazurari a gefe, jarka a ɓoye bayan rumfa. Ɗan kabu-kabu zai tsaya, ko sauka ba ya yi, a juye masa kwalba ɗaya ya ƙara gaba. Shekara da shekaru haka Maraɗi take shan mai, man Najeriya mai araha saboda tallafin gwamnatin can. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, kwalba ta yi tsada. Ba a gama wannan jimami ba sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, bayan kwana huɗu CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba mana takunkumi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Katsina, masu walda da masu niƙa suka koma kan janareto.

Da a ce babu matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 mai tace ganga 20,000 a rana, da mun ga abin da ya ture wa Buzu naɗi. To amma ta yaya wannan mai ya fito daga cikin rairayin Agadem, can gabashin Nijar, tun farko? A nan nake so mu ɗan dakata, domin mutane da yawa sun ɗauka haƙar mai kamar ginin rijiya ce, a duba inda gawo ya yi kore a sa diga.

Ba haka ba ne. Kafin a huda ƙasa sai an saurare ta. Akan kawo wasu manyan motoci masu faranti na ƙarfe a ƙarƙashinsu, su dafa shi a ƙasa su girgiza ta. Girgizar ta nutsa kilomita da dama, ta bugi shimfiɗun duwatsu ta dawo, kamar yadda muryarka ke dawo maka idan ka yi kira cikin rijiya mai zurfi. Dubban ƙananan na'urori da aka kafa a sahu cikin yashi su ne kunnuwan da ke kama wannan amo. Daga nan a kai bayanan ga manyan kwamfutoci, su zana hoton cikin ƙasa, tsawo da faɗi da zurfi, masana su zauna su ce a nan dutsen ya lanƙwashe, mai yiwuwa ya tare mai. Ku lura, mai yiwuwa suka ce. Sai an haƙa an kashe miliyoyin dalar Amurka kafin a san ko mai ne, ko ruwan gishiri.

Tun shekarun 1970 kamfanonin Turawa irin su Texaco da Esso da Elf suke kai-kawo a gabashin ƙasar nan. Sun ga man, suka auna nisan teku, suka ce ba riba. ExxonMobil, mai kamfanin Esso, da Petronas na ƙasar Malesiya sun tattara nasu-ya-nasu a 2006. A 2008 kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya karɓi Agadem, cikin shekara uku mai ya fara kwarara zuwa Damagaram. Wannan abin a yaba ne, ba na musu. Sai dai motar girgiza tasu ce, injin haƙa nasu ne, kuɗin nasu ne, kashi 60 cikin 100 na matatar ma nasu ne.

Sai maganar ƙofa. Babban bututun da aka shimfiɗa daga Agadem zuwa gaɓar Seme a jamhuriyar Benin ya kusa kilomita 2,000, an tsara shi ya ɗauki ganga 90,000 kullum, kuma ya ratsa ta jiharmu ta Maraɗi. An kammala shi daidai lokacin da muke cikin takunkumi. CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma tsamin dangantaka bai tafi da shi ba. Nijar ta bar iyakarta da Benin a rufe, shi kuma shugaban Benin na lokacin, Patrice Talon, a watan Mayu ya ce jirgi ba zai yi lodi ba. Sai da ƴan Sin suka shiga tsakani aka loda jirgin farko. A watan Yuni aka kama wasu ƴan Nijar biyar a tashar Seme, Yamai ta rufe famfo, mai bai sake tafiya ba sai a Agusta. Duk wannan kuwa bayan a watan Afrilu gwamnati ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 a hannun CNPC, da za a biya da ɗanyen mai cikin shekara guda da ruwan kashi 7 cikin 100. Manomin da ya taɓa cin bashin gero a kan kaka ya san wa ke yanka farashi ranar biya.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne. A 2014 Amurka da Turai sun hana a sayar wa Rasha kayan aikin haƙa a teku mai zurfi da yankin ƙanƙara, dole ExxonMobil ya bar rijiyar da ya gama hudawa a tekun Kara na arewacin Rasha. A Disamban 2022 ƙasashen G7 masu ƙarfin arziki suka ce duk jirgin da ya ɗauki man Rasha sama da dalar Amurka 60 kan ganga, ba shi ba inshorarsu. Man bai tsaya ba. Ya koma Indiya da Sin cikin tsofaffin jiragen da ke sauya tuta, wasu su kashe na'urar da ke nuna inda suke, su juye wa juna kaya a tsakiyar teku. Ruwa-ruwa ce dai, ta manya. Haka Iran take yi tun da Amurka ta fice daga yarjejeniyar nukiliya a 2018, kuma mai saye ya san ba ka da wata kasuwa, don haka da rangwame zai ɗauka. Ita kuwa Venezuela, wadda ta fi kowa yawan mai a ƙarƙashin ƙasa, wajen ganga biliyan 300, nata mai kauri ne kamar kwalta, sai an sirka shi kafin ya bi bututu. Da rashin gyara da takunkumin 2019 suka haɗu mata, ta faɗo daga kusan ganga miliyan 3 a rana zuwa ƙasa da miliyan ɗaya.

Mu a nan, an rage litar esansi a Yulin 2024 daga tamma 540 zuwa 499, dala ɗari ba tamma ɗaya, kowa ya yi murna. Da Maris ɗin 2025 ya zo sai ga layuka a gidajen mai, domin jama'ar da ke sha a kwalba duk sun dawo kan SORAZ, ita kuma ba ta iya ɗaukar kowa. A watan ne kuma aka sallami manyan jami'an Sin uku daga ƙasar. Korar mutum uku ba wuya. Mai wuyar shi ne samun ɗan ƙasa da zai zauna gaban wancan hoto na cikin ƙasa ya ce a huda nan, a bar can.

Shi ya sa tambayoyina ga hukumomi guda biyu ne. Bayanan girgizar ƙasar da aka tara tun zamanin Texaco, ɗaliban ilimin duwatsu na jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta Maraɗi za su taɓa ganin su kuwa? Sannan a Yulin 2018, Muhammadu Buhari da Mahamadou Issoufou sun shaida sa hannu kan gina matata a jihar Katsina wadda za ta riƙa tace ɗanyen man Nijar. Ina aka kwana?