A bar maganar kujera, a dubi hannun Jimmy Carter

Masu sauraro, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da aka ambaci Jimmy Carter, wanda ya rasu ranar 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100, sai ka ji an ce ai shugaban Amurka ne da ya yi wa'adi ɗaya, Reagan ya kayar da shi a 1980. Shi ke nan, an gama da shi. An ɗauki shekara 4 an auna shekara 100 da ita. Wannan ba adalci ba ne.

Mutumin nan injiniya ne tun kafin ya san siyasa. Ya gama makarantar sojan ruwa ta Annapolis a 1946, ya shiga shirin jiragen ƙarƙashin teku masu aiki da nukiliya. Da wata na'urar nukiliya ta lalace a Chalk River ta ƙasar Kanada a ƙarshen 1952, yana cikin waɗanda aka tura su kwance ta. Saboda haɗarin wurin, mutum ba ya wuce daƙiƙa 90 a ciki. Sai suka gina kwatankwacin na'urar a waje, suka yi ta gwaji, har kowa ya san ƙusar da zai kwance kafin ya sa ƙafa.

Da irin wannan tunani ya tunkari kurkunu. Wanda ya taɓa ganin mai kurkunu ba ya bukatar bayani: ƙafa ta kumbura, ƙurji ya fashe, farar tsutsa mai tsawon kusan mita ɗaya ta leƙo, ana naɗe ta a jikin ɗan tsinke kaɗan-kaɗan, makonni ana abu ɗaya, gona na can ta zama daji. Zafi ya sa mutum ya tsoma ƙafa a tafki don ya ji sanyi, tsutsar ta zuba 'ya'yanta a ruwan, wani ya sha, bayan shekara shi ma ya kwanta. Ba magani, ba allurar rigakafi. To ina mafita? Injiniya ya nemi inda zai tsinke sarƙar: a tace ruwa da ƙyalle, a hana mai ciwo shiga tafki, 'yan sa-kai su bi ƙauye-ƙauye suna ƙirga masu cutar ɗaya bayan ɗaya.

A 1986, lokacin da Cibiyar Carter, wadda ya kafa bayan ya sauka daga mulki, ta fara wannan yaƙi, kimanin mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara, a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Najeriya kaɗai ta taɓa ƙirga fiye da mutum 650,000. Janar Yakubu Gowon ya shiga aikin ya yi ta zagaya ƙauyuka, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da kurkunu. A 2023 mutum 14 aka samu a duk duniya. Mutum 14, jama'a! Amma har yanzu maganar zaɓen 1980 ake yi mana.

Wasu na cewa neman suna ne, aikin gaban kamara ne. Haba! Tun daga 1984 shi da matarsa Rosalynn suka yi ta ɗaukar guduma suna gina wa marasa galihu gidaje tare da ƙungiyar Habitat for Humanity, gidaje sama da 4,000 a ƙasashe 14. A Oktoban 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida, aka yi masa ɗinki 14 a goshi, ido ya yi baƙi, amma ya tafi Nashville ya kama aikin gini. Wane suna ne tsohon da ya riga ya karɓi kyautar Nobel tun 2002 yake nema da ƙusa a hannu?

Ban ce mulkinsa ba shi da abin suka ba. An yi tsadar rayuwa, an tsare Amurkawa 52 a Tehran har kwana 444. Masana tarihi su yi ta muhawararsu. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce mutum ya ƙare ranar da ya sauka daga kujera, alhali ya yi shekara sama da 40 bayan nan yana aiki da hannunsa.

A 2015, da aka gano yana da cutar daji, ya ce burinsa kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Bai samu ba. Tsutsar tana nan a Chadi da Sudan ta Kudu, har a jikin karnuka take ɓuya, kuma 'yan sa-kai na can bakin tafki suna ƙirga.