Ciwon dajin huhu: me ya sa likita ɗaya ba ya yanke shawara shi kaɗai?

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Idan aka ce wa mutum yana da ciwon dajin huhu, abin da 'yan uwa kan fara tambaya shi ne: wane likita ne gwanin wannan cuta, mu kai shi wurinsa? To, a asibitin da ake aiki yadda ya kamata, ba mutum ɗaya ke riƙe da maganar ba. Ƙwararru ne daga fannoni daban-daban suke zama teburi ɗaya, galibi sau ɗaya a mako, su bi fayil ɗin marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya. A Ingila, wani rahoton gwamnati na shekarar 1995 ne ya ba da shawarar a riƙa kula da masu ciwon daji ta wannan hanya, kuma yau ita ake bi a manyan asibitocin duniya.

Cutar ba ƙarama ba ce. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna kusan mutum miliyan 2.5 ne suka kamu da ita, ta kuma kashe kimanin miliyan 1.8. Babu ciwon dajin da ya kai ta kisa. Shan taba ne babban musabbabinta, amma tana kama wanda bai taɓa kai sigari bakinsa ba.

Wanda marar lafiya ya fi fara haɗuwa da shi likitan huhu ne. Shi ke sauraron labarin tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da kakin da ke fita da jini, da rama, da haki. Ku lura da kyau, waɗannan su ne alamun tarin fuka ma, wato tibi. Shi ya sa a ƙasashenmu ake ɗora mutane da yawa kan maganin tibi na wata shida, alhali abin da ke ƙirjinsu daban ne. Idan gwajin kaki bai nuna tibi ba, ko an sha magani makonni babu sauƙi, kada a zauna jiran wata shidan ya cika. A koma, a nemi a zurfafa bincike.

Daga nan sai likitan hoto. Hoton ƙirji na yau da kullum inuwa kawai yake nunawa. Hoton CT ne ke bayyana girman ƙarin, da inda ya zauna, da ko ya taɓa kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji. Inda ake da na'urar PET, ita ke taimakawa a gano ko ciwon ya yi ƙaura zuwa ƙashi ko hanta ko wani wuri.

Amma duk kyan hoto, ba ya tabbatar da ciwon daji. Sai an ɗebo ɗan yanki daga jikin ƙarin. Wani lokaci likitan huhu ne zai zura siririn bututu mai kyamara ta hanci ko ta baki har cikin hanyoyin iska. Idan kuma ƙarin yana can gefen huhu, sai likitan hoto ya soka allura ta tsakanin haƙarƙari, na'urar CT na nuna masa hanya. Akwai tsoron da ya yaɗu cewa da zarar ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya bazu. Wannan tsoro ya hana mutane da dama samun magani a kan lokaci. Ba tare da wannan yanki ba, duk maganin da za a ba da lalube ne a cikin duhu.

Yankin nan hannun wani likita yake zuwa, wanda marar lafiya ba ya ko ganin fuskarsa: likitan ɗakin gwaji, mai duba tsoka a ƙarƙashin madubin likita. A ganina ba a ba shi girman da ya cancanta, domin kan maganarsa kowa ke gini. Shi zai ce ciwon daji ne ko ba shi ba ne, sannan ya faɗi irinsa. Manyan iri biyu ne. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, kimanin kashi 15 cikin 100, mai saurin bazuwa, wanda ba kasafai ake masa tiyata ba. Sauran kashi 85 ɗin su ne ɗaya irin, kuma shi ma yana da rassa. Yanzu aikin ya wuce nan. Ana bincika ko ƙwayoyin ciwon suna ɗauke da wasu sauye-sauye, kamar wanda ake kira EGFR ko ALK. Idan an samu, akwai ƙwayar magani ta haɗiya da aka yi musamman domin wannan sauyi, mutum na shan abinsa a gida. Ana kuma auna wani abu mai suna PD-L1, don a san ko maganin da ke zaburar da garkuwar jiki zai yi amfani. Mutum biyu, hotonsu kusan iri ɗaya, amma maganinsu ya sha bamban, saboda abin da wannan likita ya gani.

To, ranar zama sai a haska hotuna a allo, a karanta sakamakon tsoka, a tsayar da matakin da ciwon yake, daga na 1 zuwa na 4. A nan ne muhawara ke tashi. Likitan tiyatar ƙirji zai duba ko ƙarin zai ciru. Huhun dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu, kuma yawanci kashi guda ake cirewa ɗungurungum tare da kaluluwar da ke kusa. Sai likitan huhu ya ce a dakata, ga sakamakon gwajin numfashi, wannan dattijo ya shekara arba'in yana shan taba, in aka rage masa huhu ko masallaci ba zai iya takawa ba. Sai likitan gashi, wato mai gasa ciwon daji da na'ura, ya ce tunda ƙarin ƙarami ne, zai iya ƙone shi da haske mai ƙarfi a 'yan zama kaɗan, ba tare da an tsaga ƙirji ba. Idan kuma ciwon ya kai kaluluwar tsakiyar ƙirji, sau da yawa haɗa gashi ake yi da kemo, wato maganin da ake ƙarawa ta jijiya, kuma likitan magungunan ciwon daji ne ke tsara wannan. Da kowannensu shi kaɗai ya ga marar lafiyar, da sai ya karkata ga abin da hannunsa ya saba.

Akwai muryar da ke hana zaman ya koma maganar hotuna zalla, ita ce ta nas mai kula da masu wannan cuta. Ita ta san cewa malam daga ƙauye yake zuwa, kuɗin mota ma aiki ne, ya daina cin abinci, kuma uwargida ce kaɗai ke jinyarsa. Irin wannan bayani yana canza shawara. Tare da ita akwai mai harhaɗa magani, da masanin abinci, da mai koya wa marar lafiya motsa jiki da dabarun numfashi bayan tiyata, da jami'in walwala mai neman hanyar tallafi.

Sai masu rage raɗaɗi. Mutane na jin an ambace su sai gabansu ya faɗi, su ɗauka an sallama wa mutuwa ke nan. Ba haka ba ne. A shekarar 2010 an wallafa wani bincike da aka yi a birnin Boston na Amurka kan mutum 151 da ciwon ya riga ya bazu a jikinsu. Waɗanda aka haɗa su da masu rage raɗaɗi tun farko sun fi jin daɗin rayuwa, sun fi samun natsuwa, kuma sun rayu kimanin wata 11 da rabi, sauran kuwa kusan wata 9. Rai na hannun Allah, amma babu dalilin barin mutum yana kwana a zaune saboda zogi ko haki, alhali akwai mofin, maganin kashe zogi mai ƙarfi, akwai kuma hanyar zuƙe ruwan da ya taru a ƙirji.

Abin da tawagar ta cimma shawara ce, ba umarni ba. Za a zauna da marar lafiya da iyalinsa a yi musu bayanin amfani da wahalar kowace hanya, shi ne zai ce ya yarda ko bai yarda ba. Ɗabi'armu ta ɓoye wa dattijo cutarsa don tausayi tana tauye masa wannan haƙƙi.

A Najeriya ƙwararrun nan ba su da yawa, kuma cibiyoyin gashi 'yan kaɗan ne, irin su na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Don haka ba mamaki a yi hoto a wannan gari, gwajin tsoka a wancan, gashi a wani. Idan haka ta kama, ku haɗa komai a jaka ɗaya: faifan CT, ba takardar sakamakonsa kaɗai ba, da rahoton ɗakin gwaji, da sunayen duk magungunan da aka sha, har da na gargajiya. Ku kuma tambayi likita kai tsaye: wane iri ne, mataki na nawa yake, kuma an tattauna da likitan tiyata da na gashi kafin a zaɓi wannan magani?