Lasisin ɗan damben boksin ba izinin kowane faɗa ba ne

[Hoto: fagen dambe a Argungu, kalangu na tashi]

Tun da samarinmu na gidan dambe suka fara sha'awar sa safar hannu, daga Argungu zuwa Jega har Yauri tambaya ɗaya ke yawo: idan mutum ya yanki lasisi, ba shi ke nan ba? Duk inda aka kira shi faɗa sai ya ɗauki jaka? A'a, 'yan'uwa, kuma a nan ne ake rasa rayuka.

Mu wuce maganar lasisin boksin da sauri. A Najeriya damben koyo yana hannun Nigeria Boxing Federation, damben kuɗi kuma yana hannun Nigeria Boxing Board of Control. Hukumomin dambe kan nemi shaidar shekaru, tarihin faɗan da ka yi, gwajin jini na ƙanjamau da ciwon hanta, da gwajin ido. A Ingila har hoton ƙwaƙwalwa ake ɗauka duk shekara. Koci da manaja da mai shirya wasa, kowa da nasa lasisin.

[Hoto: ɗan dambe a kan sikeli]

To, a saurara nan. Lasisi cewa kawai yake yi kai ɗan dambe ne. Kowane faɗa kuma sai hukuma ta amince da shi daban: da wa za ka kara, wace rana, a wane nauyi, turmi nawa. Idan ƙetare za ka, sai hukumar gida ta ba ka takardar sallama ta wannan faɗan. Aka canza abokin karawa ko aka sauya rana, takardar jiya ba ta aiki yau.

Ku tuna da Gabriel Oluwasegun Olanrewaju, wanda ake kira Success, tsohon zakaran Najeriya da Afirka ta Yamma. Ranar 29 ga Maris 2025 ya yanke jiki ya faɗi a turmi na uku a filin Bukom da ke Accra, yana karawa da Jon Mbanugu na Ghana, kuma bai tashi ba. Hukumar Najeriya ta ce faɗan ranar Juma'a ta amince masa, aka soke shi saboda matsalar nauyi, sannan ya karɓi wani ranar Asabar ba da izininta ba. Allah ne mai rai da mutuwa, amma irin wannan gaggawar ce takardar sallama take nufin tarewa. Kafin a sa hannu, akwai wanda zai tsaya ya duba ko jikinka da nauyinka sun dace da abokin karawar.

[Hoto: kisa a dambe, sannan alƙali yana ƙirga goma a boksin]

Mu da muka taso muna kallon ɓangarorin dambe na Kudu da Arewa da Guramada, mun saba a kashe mutum yau, jibi a gan shi ya ɗaura zare a wani gari, a ce masa namiji. Dambe turmi uku ne, kuma da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an gama. Boksin yana kai turmi 12, kowanne minti uku, ana dukan kai da hannu biyu, mutum ya faɗi ya tashi a ci gaba. Ƙwaƙwalwar da ta girgiza tana buƙatar lokaci, kuma duka na biyu kafin ta warke yana iya jawo kumburi ko zubar jini a cikin kai. Shi ya sa duk wanda aka sumar, hukuma takan dakatar da shi makonni, ba faɗa, har likita ya sake duba shi. Ana shigar da sakamakon faɗa a BoxRec, shafin intanet da ke adana tarihin 'yan boksin, don haka tsallaka iyaka ba ya goge shi. Ni dai ina ganin ya kamata masu gidajen dambenmu su ari wannan hutun, ko ba dokar da ta tilasta musu.

[Hoto: likita a bakin fage, motar asibiti a waje]

Ranar faɗa, likita a bakin fage da motar ɗaukar marasa lafiya a ƙofa. Amurka ta sa wannan a dokar tarayya tun 1996. A Ingila, Michael Watson ya samu mummunan rauni a kai a 1991 wajen karawa da Chris Eubank, taimako ya yi jinkiri, ya kai hukumar dambe kotu ya yi nasara.

Ƙanena, idan mai shirya wasa ya bugo maka ya ce taho kawai, takarda za ta biyo baya, ka tuntuɓi hukumar da kanka, ka ga sunanka da na abokin karawarka da ranar faɗan a rubuce kafin ka nufi tashar mota a Birnin Kebbi.